Tsagewar Bakin Tumbi Sakamakon Kakarin Amai da Matakan Gaggawa

A mahaɗar maƙoshi da tumbi akwai wata siririyar fata da ta shimfiɗu daga ciki. Idan mutum ya yi ta kakarin amai ba ƙaƙƙautawa, matsin da ke tasowa daga ciki yakan tsaga wannan fata, sai jini ya biyo aman. Likitoci biyu na birnin Boston ta Amurka, Kenneth Mallory da Soma Weiss, su ne suka bayyana lalurar a shekarar 1929, shi ya sa take ɗauke da sunansu. A jikin mashaya giya suka gano ta. Amma a gari irin Kajiji ta Ƙaramar Hukumar Shagari, abubuwan da suka fi cancantar lura su ne laulayin masu juna biyu, da amai da gudawa na damina, da jiƙe-jiƙen da akan ɗirka wa mutum domin ya amayar da shawara ko sammu.

Alamarta tana cikin yadda abin yake jerantuwa: aman farko babu jini, sai bayan an yi ta yunƙuri jan jini ya bayyana. Mafi yawan irin wannan tsagewa kan daina zubar da jini da kanta, ta warke cikin kwana biyu zuwa uku. Sai dai wannan ba hujjar zama a gida ba ce, domin ido ba ya iya bambance ta da gyambon ciki, ko fashewar jijiyoyin maƙoshi da ciwon hanta ke haifarwa, wadda kan yi kisa cikin sa'o'i.

A kwantar da majiyyaci ta gefensa don kada ya shaƙi aman, a dakatar da ci da sha, kuma kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. Jiri, sanyin gaɓoɓi, saurin bugun zuciya ko bahaya baƙi kamar kwalta, duk suna nuna jini ya zuba da yawa.

A asibiti mafi kusa akan fara da ƙarin ruwa ta jijiya, da allurar tsayar da amai, da maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole, sai ƙarin jini in da buƙata. Idan jinin ya ƙi tsayawa, sai a kama hanyar Shagari da Boɗinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Likita kan zura na'ura mai kyamara ta baki ya ga tsagewar, ya yi mata allurar adrenalin ko ya maƙale ta da ɗan maƙali. Ba safai ake kaiwa ga tiyata ba.