Labarin Wasan Ƙwallon Dawaki

Sau da yawa idan aka yi taron ƙwallon dawaki a Katsina ko Kaduna ko Kano, hakimai da magatakardansu su kan koma gida da gardama a kan asalin wasan. Galibin mutane sun ɗauka wasan Turawa ne, tun da ya ke a hannunsu aka fara ganinsa a nan. Gaskiyar magana ita ce Turawa ma koya suka yi, kuma ba su riga mu da daɗewa ba.

Asalin wasan daga Gabas ya ke. Mutanen Farisa sun daɗe suna yinsa tun kafin zuwan Musulunci, suna kiransa caugan, kuma a wurinsu horo ne na mayaƙan doki. Da Musulunci ya yaɗu sai sarakunan Musulmi suka riƙe shi. Sarki Salahuddin, wanda ya karɓi Birnin Ƙudus a 1187, gwani ne a kansa. A fadar sarakunan Masar na wancan zamani har sarauta aka yi dominsa, watau Jukandar, mai riƙe wa sarki sandunan wasa, kamar yadda a nan a ke da Shamaki mai kula da barga. A birnin Isfahan kuwa, a bakin babban dandalin da Shah Abbas ya gina, ginshiƙan dutse da a ke zura ƙwallo tsakaninsu suna nan tsaye har yau. Wasan ya taɓa cin ran sarki: Ƙutbuddin Aibak, Sarkin Delhi, ya rasu a Lahore a 1210 bayan dokinsa ya faɗi da shi a fili.

Hafsoshin Ingila a ƙasar Hindu suka same shi, wurin mutanen Manipur. Suka kafa kulob a Silchar a 1859, wani kuma a Kalkata a 1862, wanda har yanzu ya ke aiki. Sai a 1869 aka fara bugawa a Ingila. Ko sunan nan folo ba Turanci ba ne, kalma ce ta mutanen duwatsun arewacin Hindu, ma'anarta ƙwallo. Abin da Turawa suka ƙara shi ne rubutattun dokoki, waɗanda aka tsara a kulob na Hurlingham a London, da ƙayyade yawan 'yan wasa.

A Nijeriya Turawa suka fara yinsa a Ikko a 1904, amma a Arewa ya sami gindin zama, don nan ne ƙasar doki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne ya shigar da shi gidan sarauta. Ya tafi Hajji a 1921, ya kuma ziyarci Ingila, daga baya ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Lokacin kuwa ya dace, domin yaƙi ya ƙare, ga dawaki a barga, ga samari da suka iya sirdi, ba abin da ya rage musu sai kilisa da hawan salla. Ɗansa Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya zarce kowa. A wannan wasa a kan ba kowane ɗan wasa daraja gwargwadon gwanintarsa, mafi girma ita ce 10, kuma a duniya duka 'yan kaɗan ne ke kai wa nan. Nagogo ya kai 7. Ɗansa Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa a 1966, shi ma ya gaji sandar.

Ga yadda a ke wasan, don mai kallo ya gane abin da ya ke gani. Kowane gefe mahaya huɗu ne. Filin tsawonsa yadi 300, faɗinsa yadi 160, tsakanin ginshiƙan gida kuwa yadi 8. A kan raba wasa kashi kashi, kowane kashi minti 7, sunansa caka, kuma a kan sauya doki a tsakani, don ba dokin da zai jure wannan sukuwa da birki da juyi har ƙarshe. Duk lokacin da aka ci, sai ɓangarorin su musanya gida, saboda kada iska ko rana ko gangaren fili su taimaki wani. Da gefen kan sanda a ke bugun ƙwallo, ba da tsininsa ba, kuma da hannun dama kaɗai, ko da mutum bahago ne.

Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta hanyar ƙwallo, kuma ita ce masu kallo suka fi jahilta, har su yi ta yi wa alƙalin wasa ihu idan ya busa. In an bugi ƙwallo, layin da ta bi ya zama kamar hanya, mahayin da ke bin layin nan shi ke da ita. An yarda abokin karawa ya zo ta gefe ya ture shi kafaɗa da kafaɗa, ko ya sarƙe masa sanda, amma ba a yarda ya gitta ta gabansa ba. Wanda ya taɓa ganin dawaki biyu sun yi karo a cikin sukuwa ba zai tambayi dalili ba. Hana bugu da hagu ma daga nan ya samo asali, don bahago da na dama in sun fuskanci juna a kan ƙwallo ɗaya, gaba da gaba za su haɗu.

Sau 5 aka sa wasan cikin gasar Olamfik, na ƙarshe a Berlin a 1936, inda Ajantina ta ci, kamar yadda ta ci a 1924. Har yanzu ƙasar nan ce ke gaba a duniya, kuma daga can a ke sayo yawancin dawakin da a ke hawa a manyan gasanni na Nijeriya, irin na Kofin Georgian a Kaduna. Su Nagogo kuwa a kan dawakin ƙasar nan suka koya, waɗanda aka yi kiwo da dawa da harawa da kanwa.