Tasirin Zafi da Ruwa ga Ƙirar Siraran Bututan Ma'adinai: Misali daga Halosait

1.0 Gabatarwa

Kowace maginiyar tukwane ta san cewa yumɓun da ya bushe a rana yakan koma taɓo in ya sha ruwa, amma wanda ya gasu a wuta ya rabu da zama taɓo har abada. Abin da maginiya ta sani da hannu, masana kimiyya sun bi diddiginsa har cikin ƙwayoyin ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ruwa ke naɗa wasu ma'adinai su zama siraran bututai, da yadda zafi ke warware wannan aiki daki-daki.

2.0 Ma'anar Siririn Bututu

Ana auna waɗannan bututai da nanomita, watau kashi ɗaya daga miliyan dubu na mita. Na gawayi sun yi suna tun bayan aikin Sumio Iijima na Japan a 1991. A 1992 kuma Reshef Tenne da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya ƙera irinsu daga ma'adinan da babu gawayi a cikinsu. Sai dai tun kafin wannan, akwai waɗanda ke samuwa a cikin ƙasa ba tare da hannun mutum ba. Fitacce daga cikinsu shi ne halosait, wanda aka fara bayyanawa a Beljiyam a 1826. Ɗan'uwa ne ga kawolin, watau farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara.

3.0 Aikin Ruwa

Kowane falle na halosait ruɓi biyu ne: shimfiɗar silika manne da ta alumina. Ta silika ta ɗara 'yar'uwarta faɗi kaɗan, saboda haka fallen yakan nemi tanƙwarewa. A cikin kawolin, fallayen suna riƙe da juna gam, don haka suke zama a baje. A cikin halosait kuwa, ruwa ya ratsa tsakanin falle da falle ya sassauta riƙon, sai fallen ya naɗe kamar tabarma, silika a waje, alumina a ciki. A 1950 Bates da abokan aikinsa suka ga wannan siffa da madubin ilektiron, suka kuma bayyana dalilinta.

4.0 Aikin Zafi

Zafi yakan yi aikinsa a matakai uku.

Na farko, ruwan da ke tsakanin fallaye yakan fita da ɗan zafi kaɗan, kai ko da busasshiyar iska ma. Tazarar falle da falle takan ragu daga nanomita 1.0 zuwa 0.7, wasu bututan kuma su tsage. Abin lura shi ne, ko an sake jiƙa ma'adinin da ruwa zalla, ruwan ba ya komawa gurbinsa.

Na biyu, daga wajen digiri 450 zuwa 600 na ma'aunin Salshiyas, haidirojin da oksijin da ke cikin ginin fallen kansa sukan haɗu su fita a matsayin tururi. Tsarin ƙwayoyin yakan hargitse, amma siffar bututu tana nan. Wannan mataki ne yumɓun maginiya ke ƙetarewa ya daina komawa taɓo.

Na uku, in zafi ya kai wajen digiri 1000, sababbin ma'adinai sukan fara tsirowa, bango ya lotsa, rami ya toshe, bututu ya zama dunƙule.

5.0 Kammalawa

Darajar halosait tana ga raminsa, domin a ciki ake gwada ɗura magunguna da sinadaran hana ƙarfe tsatsa, su riƙa fitowa sannu a hankali. Gashi madaidaici yakan sa sinadarai su fi cin bangon bututun, har a iya faɗaɗa ramin yadda ake bukata. Wanda ya zarce kima kuwa sai ya hallaka ramin baki ɗaya. Ke nan dole mai sarrafa shi ya san irin ruwan da yake kora, da kuma iyakar da wutarsa za ta tsaya, domin kowane ɗaya daga matakan nan uku, in an ƙetare shi, babu komowa.