Zaɓen Irin Ɓauren da Ya Dace da Kudancin Amurka

Ɓauren lambu, wanda masana ilmin tsirrai ke kira Ficus carica, ɗan'uwa ne ga cediya da gamji da durumi da ɓauren daji na ƙasar Hausa. Asalinsa yankin Bahar Rum ne da Gabas ta Tsakiya, inda rani yake da zafi da bushewa, kuma ƙasar Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. A jihohin kudu maso gabashin Amurka kuwa, kamar Luwiziyana da Jojiya da Fulorida, sanyin hunturu ba ya tsananta, don haka itacen yana kama ƙasa sosai. Sai dai ruwan sama da laima suna yawaita daidai lokacin da 'ya'yan ke nuna. Manomin da ya dasa irin da bai dace ba zai yi shekaru yana ban ruwa, ya tashi da ganye kawai ko ruɓaɓɓun 'ya'ya.

Abu na farko da za a fahimta shi ne ƙirar ɗan ɓaure. Abin da ake ci wata jaka ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan furanni a cikinta, tana da 'yar ƙofa guda a ƙarshenta wadda ake kira ido. Tun da furannin a rufe suke, iska ko ƙudan zuma ba sa iya kai musu garin barbara. Wannan aiki na wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, mai suna Blastophaga psenes, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 ba. Macen ce ke kutsawa ta ido ɗauke da garin. Duk wanda ya taɓa ɓare ɓauren daji ya ga ƙananan ƙwari a ciki, to ya ga 'yan'uwan wannan ƙwaro.

Bisa wannan dangantaka aka kasa ɓauren gida huɗu. Akwai namijin ɓaure, wanda ba a cin 'ya'yansa, amma a cikinsa ƙwaron ke hayayyafa. Akwai irin Simirna, wanda 'ya'yansa ke zubewa ɗanyu matuƙar ba a yi musu barbara ba. Akwai irin San Fedro, mai haihuwa sau biyu a shekara, ta farko ba ta bukatar ƙwaro, ta biyu tana bukata. Na huɗu shi ne gama-gari, wanda 'ya'yansa ke girma su nuna ba tare da barbara ba sam.

Tarihin Kalifoniya ya nuna muhimmancin wannan rabe-rabe. Daga wajen shekarar 1880 aka riƙa shigo da rassan irin Simirna ana dasawa, itatuwan suka girma, amma 'ya'yan suka yi ta zuba. Sai a 1899, da masanin tsirrai Walta Suwingil ya aiko da namijin ɓaure mai ƙwari a ciki daga Aljeriya, gonakin yankin Firesno suka fara ba da amfani. Ƙwaron bai zauna a kudu maso gabas ba, saboda haka irin gama-gari ne kaɗai abin dogaro a can.

Sharaɗi na biyu shi ne girman ido. Idan idon a buɗe yake, ruwan sama da ƙananan buzuzu suna shiga, su kai ƙwayoyin yis. Yis ɗin ya kama sukarin da ke ciki ya tsamar da shi, kamar yadda ƙullu ke tsami, ɗan ɓauren ya tsage ya lalace tun yana kan reshe. Wannan ne ya sa irin Celeste ya yi farin jini a kudu: 'ya'yansa ƙanana ne, masu zaƙi, idonsu a tsuke, kuma itacen yana jure sanyi. Irin Alma, wanda Jami'ar Texas A&M ta fitar, yana toshe idonsa da ɗigon danƙo mai kama da zuma, amma sanyi yana cutar da shi. Brown Turkey ya fi Celeste manyan 'ya'ya, kuma ko sanyi ya ƙone rassansa yakan yi toho ya haihu a shekarar, sai dai idonsa bai kai na Celeste rufuwa ba.

Na uku shi ne ƙasa. A jigawa akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, waɗanda ke shiga saiwa su haddasa ƙulle-ƙulle, itacen ya kasa shan ruwa da abinci. Jami'ar Jihar Luwiziyana ta shafe shekaru tana auratayyar iri a ƙarƙashin Dokta Ed O'Rok, har ta fitar da LSU Purple a 1991, mai ƙaramin ido da ɗan juriya ga tsutsotsin.

Da reshe ake yaɗa ɓaure, don haka sabon itace yana gadon halin uwarsa kaf, mai kyau da maras kyau. Ɗalibi zai iya gwada wannan ilmi a gida: ya samo ɗan ɓauren daji, ya duba idonsa, ya raba shi biyu da reza, ya nemi furannin da ƙwarin da madubin ƙara girma.