Asibitin Ƙauye Da Giwayen Yankari: Daga Ina Kuɗin Ke Fitowa?

Akwai wata tambaya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin Yankari kan yi, kuma tambaya ce mai nauyi: don me gwamnati za ta kashe kuɗi wajen tsaron giwa, alhali ƙaramin asibitinmu babu magani? Manomin da giwaye suka shiga gonarsa cikin dare suka tattake masa dawa ana dab da girbi ya fi kowa hakkin yin wannan tambaya. Domin mu amsa ta da gaskiya, sai mun fara sanin yadda kuɗi ke shiga hannun gwamnatin jiha da yadda suke fita. Za mu ɗauki Jihar Bauchi mu yi misali da ita, tun da ita ce mai riƙe da Yankari.

Inda jiha ke samun kuɗi

Kowane wata wakilan gwamnatin tarayya da na jihohi suna zama su raba abin da ya taru a asusun tarayya, wato kuɗin man fetur, da harajin kamfanoni, da na kwastan. Bisa tsarin rabon, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma su raba kashi 20.60. Jihohin da ake haƙo mai a cikinsu suna da ƙarin kashi 13 na kuɗin man kafin a yi wannan rabo. Harajin sayen kaya yana da nasa tsarin dabam. Idan jiha tana da bashin waje a kanta, ana cire abin da ya wajaba ta biya tun kafin kasonta ya iso gida.

Sai kuma abin da jihar ke tarawa da kanta: harajin da ake yanka daga albashin ma'aikata, kuɗin takardun filaye, rajistar motoci da makamantansu. A yawancin jihohin Arewa wannan ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da abin da ke zuwa daga Abuja. Ma'ana, idan farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, kamar yadda ya faru a 2015 da 2016 har jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, to ma'aikaciyar jinya a Alkaleri da mai gadin daji a Yankari tare suke jin jiki.

Bayan an cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, yawan nairorin da jihohi ke karɓa ya ƙaru sosai. Sai dai mu tuna cewa darajar naira ta faɗi, magunguna kuma yawancinsu daga waje ake sayo su ko kayan haɗa su. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kuɗin sun yi yawa a ƙirge, bakunan da ke jiransu ma sun ƙaru.

Asibitin wa?

Ba kowane asibiti ne na jiha ba, kuma rashin sanin wannan ya sa mukan kai kuka inda ba za a share mana hawaye ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi na gwamnatin tarayya ne. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi na jiha ne. Ƙananan asibitocin ƙauye, inda ake awon ciki da rigakafin yara da maganin zazzaɓin cizon sauro, asalinsu nauyin ƙananan hukumomi ne, amma yanzu hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha ce ke tafiyar da su. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon ya bi ta hannun gwamnoni.

A 2001 shugabannin ƙasashen Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Bauchi tana cikin jihohin da suka sha bayyana cewa kasafinsu ya kai wannan mizani, kuma wannan abin yabo ne. Haka nan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, domin ƙananan asibitoci da inshorar marasa ƙarfi. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Asibitocin da aka zaɓa suna karɓar nasu kason a asusunsu na banki, domin gyare-gyare da sayen magani da ƙananan bukatu.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Kasafin kuɗi alkawari ne da gwamna ya kai wa majalisar dokoki ta amince da shi. Tsakanin rubuta adadi a takarda da sakin kuɗin akwai tafiya mai nisa. Albashi ne ake fara biya, domin ba ya jira. Daga nan sai gine-gine, domin ana ganinsu, ana yanka kyalle a buɗe su, a ɗauki hoto. Abin da ya fi shan kashi shi ne ƙananan kuɗaɗen gudanarwa: man babur ɗin da zai kai allurar rigakafi rugar da ke bayan rafi, gyaran firjin da ke ajiye allurar, safar hannu, fitilar ɗakin haihuwa. Asibiti sabo fil mai fenti, amma babu ungozoma da dare, bai hana mace mai naƙuda mutuwa a hanya ba.

Rabon Yankari

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa shi, kuma a cikinsa ne maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi take. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa. A 2006, zamanin gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, jihar ta nema aka mayar mata da shi. Tun daga ranar, albashin ma'aikatan dajin da gyaran hanyoyinsa suka koma kan asusun da ke biyan malaman asibiti da na makaranta.

Cutar da muka ambata a asibiti ita ce ta kama dajin. An kashe kuɗi masu yawa wajen gyara masaukin baƙi a Wikki, amma sintiri, wanda ke bukatar guzuri da takalma da mai kowane mako, ya yi rauni. Maharba suka yi ta kashe giwaye don haurensu, garkunan shanu suka yi ta kutsawa, wasu masu gadin dajin ma suka rasa rayukansu a bakin aiki. A 2014 jihar ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar Amurka mai suna Wildlife Conservation Society, ta ba ta ragamar sintiri. Bayan haka kisan giwaye ya ragu ƙwarai. An kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan su riƙa ba da labari idan garke ya doshi gonaki. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, suna kuma cikin garkuna mafi girma da suka saura a Najeriya.

Abin lura shi ne, kuɗin sintirin daji guda ƙanƙane ne idan aka jera shi da albashin ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi 20. Ko da an rufe Yankari gobe, abin da za a tsira da shi ba zai cika shagunan magani na jihar ba. Asarar kuwa tana da yawa. Sambisa ma gandun namun daji ne kafin a yi sakaci da shi ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai. Dajin da babu mai gadinsa ba ya daɗewa babu mai shi, kuma ƙauyukan bakinsa ne ke fara ɗanɗanawa, har da asibitinsu, domin ma'aikacin lafiya ba zai kwana inda ake satar mutane ba.

Wannan bai soke kukan manomi ba. Idan jiha ta ce giwa dukiyar kowa ce, bai dace mutum ɗaya ya biya kuɗin kiwonta da hatsin iyalinsa ba. A ganinmu ya kamata kasafi ya nuna a fili abin da aka tanada domin waɗanda aka yi wa ɓarna, da kuma kason da ƙauyukan ke samu daga kuɗin shiga dajin.

Wani abin da ya haɗa asibiti da daji shi ne jingina da masu ba da agaji. A 2014 Bauchi ta shiga yarjejeniyar rigakafin yara da gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates, bisa sharaɗin jihar ta riƙa ƙara nata kason har ta ɗauki nauyin duka. Hikimar wannan sharaɗi ta fito a 2025, lokacin da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da yawa a ƙasar nan suka tsaya cak. Mu kanmu masu aikin agaji ne, mun kuma san cewa taimakonmu ciko ne kawai.

Abin da za mu iya tambaya

Jihohi suna wallafa kasafinsu a intanet, tare da rahoton abin da aka kashe duk bayan wata uku. A samu wani malamin makaranta ko ɗalibi ya buga shafin lafiya da na Yankari, a kawo wurin taron kwamitin raya mazaɓa, a karanta wa jama'a da Hausa. A duba ginshiƙai biyu: abin da aka ware, da abin da aka saki. A tambayi shugaban asibiti ko asibitin yana cikin masu karɓar kuɗin asusun 2014, nawa ya shigo, me aka saya. A tafi da mata wurin taron, domin su suka fi sanin abin da babu a ɗakin haihuwa. Gwamna yakan gabatar da kasafin shekara mai zuwa a watannin ƙarshe na shekara, saboda haka duk takardar da za a kai wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin, a kai ta kafin a gama girbi.