Albarushi, Sarƙa da Babur: Me Ke Ƙara wa Kare Ƙarfi?

Duk wanda ya ajiye kare a gida, na gadi ne ko na farauta, ba ya rasa masu ba shi shawara. Wannan ya ce a barbaɗa masa albarushi a tuwo, wancan ya ce a ɗaure shi kada ya saba da mutane, wani kuma ya ce a ja shi da babur har ƙirjinsa ya buɗe. A cikin maganganun nan akwai masu tushe, akwai kuma waɗanda suka kai karnuka da yawa bola.

Batun albarushi ƙarya ce tsagwaronta. Albarushin bindigar toka haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai suna naitiret, kuma babu ɗayansu da ke gina tsoka. Abin da yake yi shi ne ƙona ciki, ya kawo amai da zawo. Karen da cikinsa ke murɗa zai yi gurnani idan an matso shi, sai mai shi ya ɗauka jarumta ce ta zo. Ciwo ne. Barkono ma haka, tiramol ma haka. Magungunan ciwon jiki na mutane kuwa, irin su ibuprofen, suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda.

Maganar ɗauri ta fi kowacce ci mini rai, domin ita ta fi yaɗuwa a birane. Za ka ga ƙaton kare, an saye shi da kuɗi masu yawa, yana wuni a sarƙar da ba ta kai taku uku ba, ko a keji ƙarƙashin kwano mai zafi, wai don ya yi zafin rai da dare. Zafin ran kam yana yi, wannan gaskiya ne, amma na tsoro da ƙunci ne, kuma irin wannan karen ba ya bambance ɓarawo da yaron gida. Ƙarfi kuwa raguwa yake yi. Tsokar da ba ta aiki shanyewa take, kamar ƙafar da ta daɗe a ɗorin karaya. Cinyoyi su motse, farata su yi zaƙo-zaƙo su karkatar da yatsu, numfashi ya gajarta. Ranar da aka buƙaci ya bi wani da gudu, kafin ya kai bakin layi ya fara haki.

Mafarauta sun fi mutanen birni gane wannan. Karensu ba ya cin abincin gwangwani, amma yana bin ubangidansa gona da daji kullum, shi ya sa idan kaka ta wuce aka fita farauta yake iya wuni yana bin zomo. Sun kuma yi gaskiya da suke cewa kare mai teɓa ba ya kamu. Dubi karen Azawak, wanda Buzaye ke kiwo a kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali: ƙashin ƙugunsa a bayyane, cikinsa a ɗame, amma yana bin barewa a fili. A Amurka an bi rayuwar karnuka 48 na jinsin Labrador tun suna ƙanana, rabinsu ana rage musu kashi ɗaya cikin huɗu na abincin da 'yan'uwansu ke ci. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi tsawon rai da kusan shekara biyu, kuma ciwon gaɓoɓi ya jinkirta kama su.

Inda wasu suka zarce shi ne hana kare abinci kwana biyu kafin farauta wai don ya ji haushin nama. Rashin teɓa daban, yunwa daban. Ma'aunin mai sauƙi ne: ka shafa gefensa, ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka ba tare da ka danna ba, amma kada ƙashin baya ya tsaya kamar tsinin dutse. Ragowar tuwo kaɗai ba ta gina jiki. Sai an haɗa da ƙwai, kifi, ko dafaffen kayan ciki. A kiyaye miya mai yawan albasa, domin albasa na fasa ƙwayoyin jinin kare. Abin da ke daidai a maganar hana abincin shi ne kada a sa kare gudu da cikakken ciki, musamman manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su Alseshan, waɗanda tumbinsu kan kumbura ya murɗe.

Sai babur. Kare ba ya zufa kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum tsakanin digiri 38 da 39 yake, idan ya haura 41 kuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda sun shiga haɗari. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu iska kanta tana wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Karen da aka ɗaure a bayan babur ba shi da ikon tsayawa idan ya gaji. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta. Idan ba ka iya barinsa daƙiƙa biyar ba, tafin kare ma salewa zai yi. Lokacin fita shi ne bayan asuba ko gab da magariba, da ruwa a gora.

Ɗan kwikwiyo ma ana cutarsa da sunan horo tun yana ɗanye. Bakin dogayen ƙasusuwansa guringuntsi ne, kuma a manyan jinsuna ba ya gama ƙwari sai tsakanin wata 12 da 18. Doguwar tsere da tsallake katanga kafin nan kan bar masa ɗingishi. Wasa a tsakar gida da gajeren yawo sun ishe shi.

To me ke aiki? Ƙari kaɗan-kaɗan. A Alaska, karnukan da ke jan keken ƙanƙara kimanin kilomita 1,600 a tseren Iditarod, wanda aka fara a 1973, da 'yan kilomitoci suke fara atisaye watanni kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban kare mai lafiya ya fara da tafiyar minti ashirin safe da yamma, a riƙa ƙarawa mako-mako. Tafiya cikin yashin rafi da hawan tudu suna cika cinya, iyo kuma yana aikin jiki duka ba tare da dukan gaɓoɓi ba. Bayan rana mai wuya a ba shi rana mai sauƙi, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa.

Idan kuma ana yin duk wannan kare bai murmure ba, a ɗaga leɓensa a dubi dasashi. Idan ya yi fari fat, jini ne ya yi ƙasa, kuma galibi tsutsar ciki ce ko cutar da kaska ke kawowa. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma a tabbatar an yi masa allurar haukan kare kafin a fara fita da shi cikin mutane.