Ɗan Agadas da Ya Kafa Ƙasar da Babu Ita a Taswira

A farkon shekarun 1990 wani saurayi ɗan Nijar ya sauka Faransa don ya zurfafa karatu a ilimin tsirrai. Sunansa Mohamed Mustapha, haifaffen Agadas a 1966. Mahaifinsa jami'in diflomasiyya ne, don haka ya tashi yana bin gidansu daga wannan ƙasa zuwa waccan, har da Kodebuwa da Kamaru. Karatun bai kai inda aka so ba. Takardun zamansa suka ƙare, ya wayi gari cikin sahun baƙin da ke sauya hanya in sun hango ɗan sanda.

Da wani ne, da ya tattara ya koma gida. Shi kuwa sai ya ɗauki wannan wahala ya hau dandamali da ita, a ƙananan gidajen wasa na Paris, da sunan da duk ɗan Nijar ya sani a unguwarsu: Mamane. Yana ba da labarin layin neman takardu, da tambayoyin ƴan sanda, da yadda Bafaranshe ke kallon baƙar fata, Faransawan kuma suna dariya har da hawaye alhali da su ake. A 2006 ya fito a shirin Jamel Comedy Club na tashar Canal+, kuma fitaccen mai gabatar da shirye-shirye Laurent Ruquier ya jawo shi cikin tawagarsa.

A 2009 gidan rediyon RFI ya ba shi ƴan mintoci kowace safiya ya yi sharhin barkwanci kan labaran duniya. A nan ya tarar da matsalar da ke gaban duk ɗan Afirka mai irin wannan sana'a.

A Amurka akwai shirin The Daily Show, wanda ake nunawa da dare tun 1996. Mutum ya zauna bayan tebur da kwat da laƙataye kamar mai karanta labarai na gaske, ya kama sunan shugaban ƙasa ya yi masa tas, ya tafi gida ya kwana lafiya. A Faransa ma ƴan tsanar Les Guignols de l'info sun shekara 30 suna kwaikwayon shugabanni da sunayensu. A wajenmu kuwa kama suna yana da tsada. A Kano, a 2008, an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro wata biyu bisa tuhumar saɓa dokar tace fina-finai, mutane da yawa kuma suka ɗauka wata waƙar shaguɓe ce ta jawo masa. A Masar, Bassem Youssef, likitan zuciya da miliyoyin mutane ke kallon shirinsa, ya amsa sammacin masu gabatar da ƙara a 2013, ya rufe shirin a watan Yunin 2014, daga baya ya bar ƙasar.

Mamane sai ya ƙi kama sunan kowa. Ya ƙirƙiro ƙasa sukutum, ya sa mata Gondwana, sunan da masana ilimin ƙasa ke kiran tsohuwar nahiyar da ta haɗa Afirka da Indiya da Kudancin Amurka da Ostareliya kafin su rabu. Ya kira ta jamhuriya mai tsananin dimokuraɗiyya. Ya naɗa mata shugaba marar suna, ana ce masa Shugaba Wanda Ya Kafa Ƙasa kawai. Wannan shugaba ba ya faɗuwa zaɓe. Tsarin mulki a hannunsa yake, ya ɗinke ya warware yadda ya ga dama. In ciwo ya kama shi jirgi yake hawa, don ya san halin da asibitocin ƙasarsa ke ciki.

Ku duba shekarar da aka fara. A 2008 Kamaru ta cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. A 2009 Omar Bongo na Gabon ya rasu bayan shekara 41 a kan mulki, ɗansa ya gaje shi. A nan gida kuma shekarar tazarce ce: ranar 4 ga Agustan 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama don ƙara wa Tandja Mamadou shekara uku, ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. Mai sauraro a Yamai ya rantse da Nijar ake, na Yawunde ya ce da Kamaru ake, na Lome ya ce ai wannan Togo ce. Babu kuma shugaban da zai iya kai ƙara, don kai ƙarar ma amsa laifi ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mutanen Kurfai a nan Nijar sun fi kowa sanin abin da kwaikwayon mai mulki ke jawowa, don a ƙasarsu aka yi wani abu da har yau masana ke rubutu a kansa. Wajen 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu sababbin iskoki da ake kira Babule, ko Hauka. In sun hau, sai mutum ya miƙe ƙyam kamar soja, ya yi fareti, ya sara, ya riƙa ba da umarni da muryar Nasara. Akwai gwamna a cikinsu, akwai kofur, akwai likita. Su dai ba wasan dariya suka ɗauke shi ba, a wurinsu al'amari ne na iskoki. Amma lokacin jama'a na cikin ƙuncin haraji da aikin tilas, ga rikicin sarautar Gado Namalaya wanda Faransawa ke mara wa baya, kuma ƴan Babule sun ƙi bin umarni. Kumandan Yamai, Horace Crocicchia, ya ga talakawa sanye da kamanninsa, abin ya ƙona masa rai. Ya sa aka kamo gommai daga cikinsu aka tsare a Yamai. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki a duk tarihin nan: shi kansa ya shiga jerin iskokin, da sunan Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka kai abin har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955, hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi a can.

Mamane ya kauce wa abin da ya sami su Shibo, har ya kai ƙasarsa ta ƙirƙira gaban kyamara. A 2015 ya kafa bikin barkwanci na shekara-shekara a Abijan. A 2016 aka fara nuna Le Parlement du rire a Canal+, inda aka mayar da dandamali zauren majalisar dokokin Gondwana. Mamane ne shugaban majalisa, mataimakansa Michel Gohou da Digbeu Cravate na Kodebuwa da Charlotte Ntamack ta Kamaru, masu barkwanci daga ƙasashe daban-daban kuma suna hawa mumbari a matsayin ƴan majalisa. Matasa da yawa da a da sai bikin aure suke samun wurin wasa, ta nan duniya ta san su, kuma ana biyansu. Wannan a ganina ya kai darajar shaguɓen kansa. A 2017 ya fitar da fim ɗin Bienvenue au Gondwana, labarin wani saurayi Bafaranshe da aka turo sa ido kan zaɓen da an riga an san wanda zai ci. Wanda a da yake ɓuya don rashin takarda, shi ne ya nuna wa Faransawa a silimominsu yadda ake haɗa baki da su a yi maguɗi.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Duk wannan da Faransanci ake yi. Shirin talabijin ɗin sai mai kuɗin biyan Canal+ kowane wata, RFI kuma an dakatar da ita a Nijar tun 3 ga Agustan 2023. Manomin Shikal da mai sayar da dabbobi a kasuwar Filinge, waɗanda su ne suka fi ɗanɗana abin da ake yi wa shaguɓen, ba da su ake dariyar ba. Kuma ba don harshenmu ya gaza ba ne. Yazi Dogo da abokansa sun yi shekaru suna caccakar malalacin ma'aikaci da mai cin hanci da Hausa a Télé Sahel, ƙasa duka tana kallo. A Damagaram ana wasan kara, inda samari ke kwaikwayon gwamna da ministoci a gaban jama'a. Wasan taubasantaka da ke tsakanin ƙabilunmu kuwa UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya tun 2014.

Ina kira ga masu gidajen talabijin na Yamai da Maraɗi da Kano, da rediyoyin karkara irin na ƙasar Kurfai: ku ware rabin awa ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, ku ba matasanmu masu barkwanci tebur da makirufo su karanta mana labarai da Hausa, ku kuma tsaya musu ranar da waya ta fara ƙara daga sama.