Rumfar Ƙungiya a Cikin Waya

'Yan'uwa manoma na Gwandu da Kalgo, ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ya koya mana ciniki ta waya. Yanzu waɗansu ƙungiyoyinmu suna so a buɗe musu shafi a intanet domin sayar da shinkafa da albasa.

Shafi kamar rumfar kasuwa yake. In mai saye ya leƙo bai ga kaya da farashi ba, sai ya wuce gaba. Saboda haka mu gaya wa mai shirya shafin:

1. Ya rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe.
2. Hoton buhu, nauyinsa, kuɗinsa da lambar waya su fito tun farko.
3. Kada ya cika hotuna, gama suna cinye data, sabis kuwa ba ƙarfi a ƙauye.
4. Ya sa wurin aika saƙon murya ta WhatsApp, domin waɗanda ba su yi boko ba.

Kafin mu biya shi, mu ba dattijo ɗaya da mace ɗaya wayar su gwada. In sun rikice, a mayar masa ya gyara. Kuɗin ƙungiya guminmu ne duka.